Wai shi "likitan ID" ɗin nan wane ne?

Jiya a Taminus, nan Jos, wani ɗan'uwa yake ba ni labari wai an ce ya kai ƙaninsa wajen likitan ID a asibitin koyarwa na Lamingo, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka katin shaida ake nema har ya fara lalubar aljihu.

ID ɗin taƙaitawa ce ta Turanci, da Hausa dai likitan cututtuka masu yaɗuwa ke nan, irin waɗanda ƙwayoyin cuta ke kawowa, tarin fuka, ƙanjamau, sanƙarau, kwalara, taifod, zazzaɓin Lassa da 'yan'uwansu. Shi ne wanda sauran likitoci ke kira in zazzaɓi ya ƙi jin magani, an yi allura an sa ruwa shiru kake ji.

Karatun kuwa sai mai dogon numfashi. Shekara 6 a jami'a, shekara 1 ta hawus job, wato aikin sanin makama a asibiti, sai bautar ƙasa, sannan a ci wata jarabawa da suke kira firamaris, ba firamaren yara ba fa, a samu gurbin horon ƙwarewa a ɓangaren cututtukan cikin jiki na manya, a yi kusan shekara 3, a sake wata jarabawar, a ƙara wajen 3 kan cututtuka masu yaɗuwa zalla har da rubuta bincike, kafin a ce masa konsoltan, wato babban likita ƙwararre. Lissafa ka gani, shekara 14 ke nan fa, in ma ba yajin aiki.

Mu 'yan Jos bai kamata sai an gaya mana haɗarin wannan fage ba. A 1969 nan garin aka kawo Laura Wine daga Lassa ta jihar Borno, ma'aikaciyar jinyar da aka fara gane zazzaɓin Lassa ta dalilinta, nan ta rasu. A 1970 Dakta Jeanette Troup ta asibitin Jankwano ta yanke hannu tana binciken gawa, ita ma cutar ta tafi da ita.

Shi ya sa in ka shiga wajen likitan ID tambaya kamar ɗan sanda, ina ka je, akwai ɓera a gidan, wa ka yi jinya, me ka sha. Na ce wa ɗan'uwan nan ya kwashi duk kwalayen maganin da suka saya a kemis ya tafi da su, don tabbas sai an tambaya.