Waiwaye: Yadda kwamfutar mota ta koyi gane an kwashe "Indomie"

A wani gareji da ke hanyar Jos a Bauchi, bakanike ya jona na'urarsa ƙarƙashin sitiyarin wata Corolla 'yar Beljiyam, sai ga lambar matsala P0420. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Alhaji, an kwashe maka Indomie."

Indomie ɗin nan ita ce tukunyar da ke jikin salansa, cikinta kamar saƙar zuma, an shafe ta da filatinam, faladiyam da rodiyam masu kashe dafin hayaƙi. Tsadar waɗannan ƙarafa ce ta sa ɓarayi suka sa mata ido.

Asalinta dokar tsaftace iska ce ta Amurka ta 1970, kuma daga 1975 akasarin sababbin motocin can da ita suke fitowa. A 1976 Bosch da Volvo suka kawo sansa mai auna oksijin a hayaƙi, don a daidaita mai da iska. Amma ko tukunyar ta mutu, mota ba ta da bakin faɗa. Sai a 1996 Amurka ta tilasta tsarin OBD-II, wanda ke sa kwamfutar mota ta gano matsala da kanta ta nuna lambarta, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur.

Kwamfutar ba ta ganin cikin tukunyar, shaidu biyu take saurara: sansa ɗaya kafin tukunya, ɗaya bayanta. Ta gaba tana aika saƙon lantarki mai lilo tsakanin bolt (ma'aunin ƙarfin lantarki) 0.1 da 0.9, saboda kwamfutar na ta ƙara mai tana ragewa. Lafiyayyar tukunya tana riƙe oksijin ta riƙa sakinsa a hankali, shi ya sa ta baya take zama a natse. Ranar da ta baya ta fara rawa irin ta gaba, asiri ya tonu. Ko a nan kwamfutar ba ta gaggawa: sai injin ya yi zafi, kuma yawanci sai ta ga laifin a tafiya biyu a jere take kunna wutar cek injin.

Sai dai shaida ma kan yi kuskure. Hujin salansa ko gajiyayyar sansa na iya kawo wannan lamba, don haka bakaniken ya yi saurin yanke hukunci. Ya kamata a leƙa ƙarƙashin motar tukuna.

Alhajin dai goge lambar aka yi masa ya tafi. Bayan kwana uku wutar ta dawo, ya manna mata baƙin salatef.