Hawan jinin ido: sunan da ke ruɗa mutane

A ƙauyukanmu na Jigawa, da dattijo ya dawo daga asibiti ya ce an same shi da "hawan jinin ido", sai ka ji ana cewa a rage masa gishiri a miya. Sunan ne ya ɓatar da mu. Cutar da likitoci ke kira gilakoma ba jini ba ne ya hau. Wani ruwa ne garai-garai da ido ke samarwa a cikinsa kullum, yana fita ta wata 'yar magudana. In magudanar ta cushe, sai ruwan ya taru, matsinsa ya riƙa cin jijiyar da ke kai gani zuwa ƙwaƙwalwa. Awon matsin ruwan nan a lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Abin da jijiyar nan ta rasa kuwa, ba ya dawowa.

Nan ta sha bamban da yanar ido, wadda ake cirewa da tiyata mutum ya koma gonarsa. Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce ke kan gaba wajen makantar da mutane, gilakoma na bi mata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawanci ba ciwo, ba jan ido. Ta gefe take fara ci. Kawuna yana karanta Alƙur'aninsa sarai, amma kullum sai ya yi tuntuɓe da turmi a tsakar gida. Wata Alhamis a kasuwar Maigatari, amalanke ta taho ta damansa, bai gan ta ba sai da ta goge shi. Muka ce tsufa ne. Ko da aka kai shi Kano, idon dama ya riga ya tafi.

Ana gadonta, shi ya sa likitan ya ce duk 'ya'yansa da ƙannensa da suka kai 40 su je a auna su, ko da suna gani garau. Ya kuma hana sayen maganin ɗigawa a kemis barkatai, don wasu na ƙara matsin.

Idon hagun ake tarairaya yanzu. Kwalbar maganin tana nan kusa da butarsa, inna ce ke ɗiga masa bayan sallar asuba, da kuma bayan magariba.