Kundin Sauya Sheƙa na NCAA

Kundin Sauya Sheƙa na NCAA, wanda Amurkawa ke kira Transfer Portal, rumbun bayanai ne a intanet inda ake shigar da sunan ɗalibi ɗan wasa idan yana son barin jami'arsa ya koma wata. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka daga hedikwatarta a Indianapolis, ita ta buɗe shi ranar 15 ga Oktoba, 2018. Jami'an makarantu da kociyoyi ke da ikon dubawa, amma sunayen ba sa daɗewa ba su kai kunnen 'yan jarida ba. Shi ya sa da an kammala kakar wasa, masu sharhi kan zuba ido su ga irin 'yan wasan da kowane koci ke zawarci, don a nan ake gane inda ƙungiyarsa ke yoyo.

Tarihi

Kafin 2018, ɗalibi ba shi da damar tattaunawa da wata jami'a kan tallafin karatu sai makarantarsa ta yarda. Koci na iya hanawa, ko ya ce ban da jami'a kaza da kaza, musamman abokan hamayya. Ga kuma dokar zaman shekara guda, wadda galibi ake danganta farkonta da shekarun 1960: wanda ya sauya makaranta a ƙwallon ƙafar Amurka, ƙwallon kwando, besbol ko hokin ƙanƙara sai ya yi shekara yana kallo daga benci. Shi kuwa koci yana iya ajiye aiki yau, gobe ya kama a wata jami'a da albashi mafi tsoka. Wannan rashin daidaito ya fi komai jawo wa tsohon tsarin suka, kuma da wuya a ce sukar ba ta kan hanya.

Waɗanda suka kammala digirin farko ne suka fara samun sassauci. Ta wannan ƙofa, a ƙwallon ƙafar Amurka, Russell Wilson ya bar jami'ar NC State ya koma Wisconsin a 2011, Joe Burrow kuma ya bar Ohio State zuwa Jami'ar Jihar Louisiana (LSU) a 2018, inda ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan ƙwallon ƙafar Amurka a jami'o'i, a 2019.

Da kundin ya zo, neman izini ya ƙare. Ɗalibi zai sanar da makarantarsa kawai, ita kuma ta shigar da sunansa cikin ranakun aiki biyu. A Afrilun 2021 aka amince kowa ya sauya sheƙa sau ɗaya ba tare da zaman shekara ba, kuma daga 1 ga Yuli na wannan shekarar aka bar 'yan wasa su karɓi kuɗi a kan sunansu da hotonsu. A 2022 aka ƙayyade lokutan shiga kundin, waɗanda aka yi ta sauya tsawonsu daga baya. A Disamban 2023 wani alƙalin tarayya a West Virginia ya dakatar da dokar da ta taƙaita sauyi na biyu, NCAA kuma ta janye ta a Afrilun 2024.

Abin da zaɓin koci ke nunawa

Koci ba ya fitowa ya ce 'yan wasansa sun gaza, amma cefanensa yakan faɗa. Wanda ya ɗauko ɗalibin da ya gama sakandare yana shuka ne don shekaru biyu ko uku masu zuwa; wanda ya ɗauko gogagge daga kundin yana toshe ɓaraka ce ta bana.

Misalin da aka fi kawowa shi ne ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Jami'ar Colorado. Deion Sanders ya karɓi ƙungiyar a Disamban 2022 bayan ta ci wasa 1 cikin 12, ya sauya mafi yawan 'yan wasanta. A kakar 2023 an kayar da mai jefa ƙwallonsa, ɗansa Shedeur, fiye da sau 50 kafin ya saki ƙwallo, ƙungiyar ta tashi da nasara 4 da rashin nasara 8. Da hutu ya zo, Sanders ya dirar wa kundin yana neman ƙattin da ke tsayawa a gaba su kare mai jefawa, kusan ya sake sahun gaba ɗaya. A 2024 Colorado ta ci wasa 9.

Sallamar mataimaka ma alama ce. A Jami'ar Southern California (USC), koci Lincoln Riley ya zo da Caleb Williams daga Oklahoma, wanda ya ci Heisman a 2022, amma tsaron baya ya ci gaba da zubar da maki, har aka sallami mai kula da shi, Alex Grinch, a Nuwamban 2023.

Shi kuwa koci Dabo Swinney na Jami'ar Clemson ya yi shekaru yana ƙaurace wa kundin, yana dogaro da yaran da ya horar.

Iyakar yawan 'yan wasa

Sulhun shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan biyansu kuɗi, da aka amince da shi a Yunin 2025, ya maye gurbin iyakar tallafin karatu 85 a ƙwallon ƙafar Amurka da iyakar 'yan wasa 105 ga makarantun da suka shiga tsarin.

Muhawara

Masu goyon baya na cewa ɗalibi ya samu 'yancin da koci ya daɗe da shi. Masu suka na cewa manyan jami'o'i na kwashe 'yan wasan da ƙanana suka horar, kuma wasu da suka shiga kundin kan rasa tallafin karatunsu ba su samu sabuwar makaranta ba.