Wane ne Carl Rogers, kuma me ya ce game da koyarwa?

Wai shi Carl Rogers ɗin nan da ake yawan ambata a kwas ɗin ilimi, wane ne?

Ba'amurke ne, masanin halayyar ɗan Adam. An haife shi 1902 a Oak Park kusa da Chicago, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida, gidansu kuwa gida ne mai tsananin riƙo da addinin Kirista. Yana ɗan shekara 12 babansu ya sayi gona suka koma can, shi ya sa da ya shiga jami'ar Wisconsin noma ya fara karantawa, daga baya ya koma tarihi da niyyar zama fasto. A 1922 ya je Sin taron ɗalibai Kirista, ya dawo da tambayoyi fal a ransa, ƙarshe dai ya bar makarantar fastoci ta New York ya koma jami'ar Columbia, ya gama digirin digirgir 1931. Ya rasu 1987 a California.

To me ya haɗa shi da aji da alli?

Yara ne suka haɗa shi. Ya yi shekaru fiye da goma a birnin Rochester na jihar New York yana aiki da yaran da gida ya gagare su ko suka gagari gida, a nan ya lura cewa duk iya nasihar da zai zuba, idan yaro ko uwarsa ba su ji ana sauraronsu da gaske ba to aikin banza ake yi, amma da zarar mutum ya saki jiki shi da kansa yake gano inda ciwon yake. Wannan fahimtar ce ya ɗauko ya kai aji, ya rubuta littafinsa Freedom to Learn a 1969.

Me yake so malami ya yi takamaimai?

Abu uku yake nanatawa. Na farko malami ya zama shi ne shi, kada ya shigo aji da fuskar aro, in ya ji daɗi a gani, in ransa ya ɓaci ya faɗa ba tare da ya ci mutuncin yaro ba, in kuma bai san amsa ba ya ce bari mu nemo tare. Na biyu ya ɗauki ɗalibi da daraja ba sai ya ci jarrabawa ba. Na uku ya yi ƙoƙarin ganin abu yadda yaron yake ganinsa. A wajensa aikin malami share hanya ne, tafiyar ɗalibi ne zai yi. Kuma ya dage cewa in yaro yana jin barazana tunaninsa ƙanƙancewa yake yi, zai iya haddacewa don ya tsira amma abin ba ya zama nasa.

Ni dai a ganina na farkon nan ya fi wuya, don ba ƙaramin malami ba ne zai tsaya gaban yara ya ce ban sani ba.

Anya wannan ba sangarta yara ba ne?

Nan ne mutane da yawa suke masa gurguwar fahimta. Ganin darajar yaro daban, yarda da duk abin da ya aikata daban. Kana iya cewa abin da ka yi ba daidai ba ne, ba tare da ka kira shi daƙiƙi gaban 'yan ajinsu ba. Wallahi kalmar nan kaɗai ta sa yara da yawa sun daina ɗaga hannu har suka gama makaranta.

Kowa ya yarda da shi?

Ina! A 1956 sun yi muhawara da B. F. Skinner, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, wanda yake ganin hali ana gina shi ne da sakamako daga waje. Tun 1952 ma a jami'ar Harvard Rogers ya tayar da ƙura da ya nuna da so samu ne a ajiye jarrabawa da maki. A nan kam ni ban bi shi ba, malamin da ke da aji cike maƙil da manhaja a wuyansa da WAEC a gaba ba zai iya barin kowane yaro ya zaɓi abin da zai koya ba. Amma sauraro da riƙe mutuncin yaro ba sa buƙatar kuɗi ko ƙaramin aji.

Da me ya ƙare rayuwarsa?

Da sulhu. Yana tsoho ya riƙa haɗa mutanen da ba sa ga maciji da juna su zauna su saurari juna, Katolika da Furotesta na Ireland ta Arewa, baƙaƙe da fararen fata a Afirka ta Kudu lokacin wariyar launin fata, har Tarayyar Sobiyet ya je a 1986 yana da shekara 84.