Layin Karman ba mahaukaciyar guguwa ba ne

Duk lokacin da tauraron ɗan'adam ya ɗauko hoton gajimare a murɗe kamar kitso a bayan wani tsibiri, kafin ka ce kwabo an cika Facebook da shi, ana cewa mahaukaciyar guguwa na tafe. Abin da ke cikin hoton sunansa layin Karman, daga sunan Theodore von Kármán, masani haifaffen Hungary da ya yi bayanin lissafinsa a 1911.

Iska ce ke kaɗawa a kan teku mai sanyi, tana ɗauke da siririn gajimare ƙasa-ƙasa. A samanta akwai wata iska mai ɗumi da ta danne ta, ta hana ta tashi. Sai ta ci karo da tsibiri mai dogon dutse, irin Fogo na Cape Verde mai tsayin mita 2,829, ko Jeju na Koriya ta Kudu. Ba damar haurawa, dole ta rabu biyu ta kewaya. A bayan dutsen ɓangarorin ba sa haɗuwa salin-alin. Na dama ya murɗa ya saki, na hagu ya murɗa ya saki, bi da bi, har jerin ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Wannan dokar ce ke sa wayar lantarki kuka idan iskar hunturu ta yi ƙarfi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yanayin da ke haifar da layin Karman kishiyar wanda ke haifar da mahaukaciyar guguwa ne. Ita tana buƙatar teku mai ɗumi, wajen digiri 26 ko fiye, da iska mai tashi sama tana gina hadari. Shi kuwa sai ruwa ya yi sanyi, sararin sama ya natsu. Ana tsorata mutane da hoton da ke nuna lafiya lau. A ganina, ba abin da ya fi shi kyau cikin hotunan duniya daga sama, kuma bai cancanci baƙin suna ba.

Gaskiya ne, manyan guguwowin da ke afka wa Amurka da yawa kusa da Cape Verde suke somawa, a watannin Agusta da Satumba. Amma bambancewa ba wuya. A arewacin duniya kowace mahaukaciyar guguwa saɓanin hannun agogo take juyawa, kuma ita kaɗai take tafe. Murɗe-murɗen Karman a jere suke, sahu biyu, wannan na bin hannun agogo, na kusa da shi na saɓa masa, kuma idan ka bi layin baya za ka tarar da tsibirin.