Sauti ya ɓace bayan canza bidiyo: tambayoyi da amsoshi

Masu tura fina-finai da karatu a waya a wajen Kasuwar Barci da Kawo a Kaduna, da masu haɗa bidiyon biki, kusan tambayoyinsu ɗaya ne kan wannan matsala.

Na mayar da fim daga MKV zuwa MP4, hoto na tafiya amma shiru. Ina sautin ya shiga?

Galibi yana nan, wayar ce ta kasa karanta shi. MKV da MP4 mazubi ne kawai, kamar kular abinci: sunan kula ba ya gaya maka tuwo ne a ciki ko shinkafa. Sautin da ke ciki na iya zama AAC, MP3, AC3 ko DTS, kuma wayoyi da ƙananan talabijin da yawa ba sa karanta biyun ƙarshe saboda batun lasisi. Buɗe fayil ɗin da VLC, manhajar kunna bidiyo. In ka ji magana, fim lafiya lau yake, sai ka sake canzawa ka zaɓi AAC. Da ma tun farko ka leƙa cikinsa da MediaInfo, manhaja ce ta kyauta, da ka huta.

Ina da bidiyon tafsiri na Masallacin Sultan Bello, sauti kawai nake so in saurara a mota. In canza ƙarshen sunan zuwa .mp3?

A'a. Canza suna ba ya canza abin da ke ciki, sai dai ya rikita rediyon motar. A kwamfuta, FFmpeg, manhajar da ake rubuta wa umarni, zai zare sautin yadda yake, ba tare da ya rage masa inganci ba:

ffmpeg -i karatu.mp4 -vn -c:a copy karatu.m4a

In rediyon ba ya cin M4A, to dole sai MP3:

ffmpeg -i karatu.mp4 -vn -b:a 64k karatu.mp3

Ga muryar malami, 64k (ma'aunin ingancin sautin) ya wadatar, awa ɗaya ba ta kai megabait 30 ba. Masu sa 320k kan karatu, mimori kawai suke cinyewa. Kuma kar ka yi ta juya MP3 zuwa AAC, AAC zuwa MP3; duk juyi sai sauti ya ƙara dishewa.

Bidiyon biki ne, baki ya motsa sai daga baya magana ta fito.

Duba yadda saɓanin yake. In tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, matsar da sautin kaɗan ya isa. In kuwa tana ƙaruwa yayin da bidiyo ke tafiya, mai yiwuwa da waya aka ɗauka, don wayoyi kan sauya yawan hotunan da suke ɗauka a daƙiƙa, musamman cikin duhun zauren biki. A HandBrake, manhajar canza bidiyo, zaɓi Constant Framerate (yawan hotuna a daƙiƙa ya tsaya ɗaya) kafin ka kai shi wajen haɗawa.

Fim mai harshe biyu ne, wanda ba na so shi ya fito.

MKV na ɗaukar layin sauti fiye da ɗaya. A umarnin FFmpeg ƙara -map 0:a:1 don zare na biyu, daga sifili ake fara ƙirga.

Kiɗa da harbi na cika kunne, magana kuwa ƙasa-ƙasa.

Sautin 5.1 ne, an tsara shi don sifika shida, kuma maganar 'yan wasa tana ta tsakiya. Mayar da shi sitiriyo, wato na sifika biyu, lokacin canzawa.

Manhajar ta rubuta min "moov atom not found".

Fayil ɗin bai kammala ba. Ko an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko data ta yanke wajen saukewa, ko an zare mimori da wuri. Sake kwafo shi daga inda ka samo, kuma ka gwada girman fayilolin biyu kafin ka goge na asali.