Kan sarki na wucin gadi na lokacin yaƙi

Kan sarki na wucin gadi na lokacin yaƙi shi ne wanda hukumar gidan waya, ko rundunar soja, ko mahukuntan garin da aka yi wa ƙawanya suka fitar cikin gaggawa domin wasiƙu su ci gaba da tafiya bayan yaƙi ya toshe hanyar da aka saba samun kan sarki. Tara irinsa, tare da ambulan ɗin da aka manna shi a kai, reshe ne na sha'awar tara kan sarki, kuma shi ne reshen da ya fi jingina da tarihi, domin ba a iya sanin darajar ko guda ɗaya sai an san wanda ya buga shi da ranar da aka buga da kuma halin da garin yake ciki a ranar. Hausawa sun laƙaba wa wannan 'yar takarda suna kan sarki ne saboda hoton sarkin Ingila da ke jikinta a zamanin mulkin mallaka, amma da yawa daga cikin na wucin gadi ba su ɗauke da kan kowa, wasu ma hoton jirgin ruwan sarkin abokan gaba ne a jikinsu.

Yadda ake samar da shi

Hanyar da aka fi bi ita ce a ɗauki kan sarkin da ke hannu, na gida ko wanda aka ƙwace, a kai shi maɗaba'a mafi kusa a buga sabon suna ko sabon farashi a kansa. Idan babu maɗaba'a sai a yi amfani da hatimin hannu. Akwai inda aka yanka kan sarki gida biyu, kowane rabi ya biya rabin kuɗi, akwai kuma inda kan sarkin ya ƙare ƙaf, ma'aikacin gidan waya ya karɓi kuɗi ya buga hatimin da ke nuna an biya. Da yake aikin na gaggawa ne, kuma haruffan ƙananan maɗaba'u ba su cika wadata ba, kurakurai sun yi yawa: harafi ya faɗi, ko ya kife, ko a buga rubutu sau biyu. Waɗannan kurakurai su ne masu tarawa suka fi nema a yau.

Misalan farko

A yaƙin basasar Amurka, gwamnatin tarayya ta daina kai wasiƙu a jihohin kudu da suka ɓalle daga 1 ga Yuni 1861, alhali kan sarkin gwamnatin kudu bai fito ba sai watan Oktoba. A wannan tsakani shugabannin gidajen waya na garuruwa da dama suka buga nasu. Da takarda ta yi wuya, mutane suka riƙa juya tsohon ambulan, ko su yanki takardar ado ta bangon ɗaki su naɗe ta ta zama ambulan.

A ƙawanyar da sojojin Jamus suka yi wa birnin Faris daga Satumba 1870 zuwa Janairu 1871, an fitar da wasiƙu ta sama da balan-balan sama da 60, na farko ya tashi ranar 23 ga Satumba, kuma an ƙayyade nauyin kowace wasiƙa kada ya wuce giram 4. Da yake maɗaba'ar kan sarki tana cikin birnin da aka rufe, sai aka buga na wucin gadi a birnin Bodo (Bordeaux), ba tare da hujin gefe ba.

A Afirka, wanda ya fi shahara shi ne na garin Mafeking a Afirka ta Kudu, inda Buwa, wato fararen fata 'yan asalin Holan da ke zaune a can, suka tsare Ingilishi kwana 217, har zuwa 17 ga Mayu 1900. A watan Maris na shekarar aka buga kalmomin "Mafeking Besieged" da ƙarin farashi a kan kan sarkin da ke garin, kuma 'yan Afirka ne suke ratsa sansanin Buwa da dare ɗauke da wasiƙun. A watan Afrilu aka yi wasu sababbi ta hanyar wankin hoto, masu launin shuɗi: na kwabo mai hoton yaro ɗan aike a kan keke, da na taro mai hoton Kanar Baden-Powell.

Togo da Kamaru, 1914 zuwa 1916

Ga mai tarawa a Najeriya, nan ne maganar ta fi kusa da gida. Jamusawan Togo sun miƙa wuya ga sojojin Ingila da Faransa a Kamina ranar 26 ga Agusta 1914, makonni uku kacal da fara Yaƙin Duniya na Farko. Kan sarkin mulkin mallakar Jamus da aka samu, mai hoton jirgin ruwan Kaisa, sarkin Jamus, an kai shi maɗaba'ar mishan ɗin Katolika da ke Lome, aka buga masa "Togo Anglo-French Occupation", aka fara sayar da shi a watan Satumba. Faransawa suka buga nasu kason da harshensu. A farkon 1915 aka sake samun wani ɗan tari a Sansanne Mango, tsohon zangon fataken goro a kan hanyar Gwanja, wanda ake danganta sunansa da kalmar Hausa sansani, shi ma aka buga masa rubutun. Manyan ƙimomi na waɗannan bugu kaɗan aka samu tun asali, shi ya sa suke cikin mafi tsadar kan sarkin Afirka ta Yamma. Da na Jamus ya ƙare, sai aka koma buga rubutun a kan kan sarkin Gwalkwas (Ghana ta yau), da farko a babban birninta Ankara a 1915, daga baya a Landan. A bugun Ankara ne ake samun kuskuren nan da harafin farko na kalmar ƙarshe ya ɓace, ta zama "ccupation".

Labarin na Kamaru ya faro ne daga teku. A watan Agusta 1914 aka kama jirgin ruwan Jamus mai suna Professor Woermann, aka tsare shi a Firitawun ta Saliyo, aka kuma tarar da kan sarkin Kamaru a cikin kayansa. Rundunar Janar Charles Dobell na Ingila ta kama Duwala ranar 27 ga Satumba 1914, kuma a watan Yulin 1915 aka fara sayar da wannan kan sarki a can, ɗauke da haruffan C.E.F., taƙaitaccen sunan rundunar da aka tura Kamaru, da farashin kuɗin Ingila, ƙimomi 13 daga ɗari, wato rabin kwabo, har zuwa sule 5. Ana kyautata zaton a Firitawun aka yi bugun. A kan ƙimomin sule akwai inda harafin da ke nuna sule ya fito a kife. Ya kamata a bambanta waɗannan da wasu masu haruffa iri ɗaya a kan kan sarkin Indiya, waɗanda aka yi wa rundunar da aka tura Sin a 1900.

Sojojin Rundunar Najeriya, waɗanda Hausawa suke da yawa a cikinsu, sun shiga wannan yaƙi ta teku da kuma ta Yola da Maiduguri. Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915, dutsen Mora kuwa bai miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Wasiƙun da suka fito daga waɗannan fagage galibi ba su da kan sarki, sai rubutun da ke nuna mai aikawa yana bakin daga, kuma kusan duka na hafsoshin Turawa ne. Bayan an raba ƙasar a 1916, ɓangaren Ingila ya koma amfani da kan sarkin Najeriya.

An yi irin wannan bugu na sabon rubutu a kan kan sarkin abokan gaba a Samowa da Niyu Gini a 1914, da Bagadaza a 1917.

Yaƙin Duniya na Biyu

A tsibirin Ganzi (Guernsey) na Birtaniya, wanda Jamus ta mamaye, an yarda a yanka kan sarkin kwabo 2 daga kusurwa zuwa kusurwa ya zama na kwabo, daga ƙarshen Disamba 1940 zuwa Fabrairu 1941. A Najeriya abin da ake tarawa na wannan zamani ambulan ne: wanda jami'in tace wasiƙu ya buɗe ya sake liƙewa da takardarsa mai lamba, da wanda ya bi hanyar jiragen sama ta Takoradi, Legas, Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira, da wasiƙun sojojin runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙin Bama.

Biyafara

An yi shelar ɓallewar Biyafara ranar 30 ga Mayu 1967, yaƙi ya ɓarke a watan Yuli, ya ƙare a Janairun 1970. Da farko an ci gaba da amfani da kan sarkin Najeriya a yankin, da ya yi ƙaranci sai gidajen waya suka koma hatimin an biya. Ranar 5 ga Fabrairu 1968 aka fitar da kan sarki 3 da aka buga a Lisbon: na kwabo 2, na kwabo 4 da na sule. A wajajen Afrilu aka buga kalmomin "Sovereign Biafra" a kan jerin kan sarkin Najeriya masu hotunan namun daji da tsuntsaye, aka soke sunan Najeriya. Biyafara ba ta taɓa zama mamba a Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ba, kuma bayan faɗuwar Fatakwal a watan Mayun 1968 wasiƙun waje sun dogara ne ga jiragen dare da ke tashi daga filin Uli zuwa tsibirin Sawo Tome. Wasu jerin da suka fito daga baya da sunan Biyafara ana saɓani a kansu, domin manyan kundayen farashi suna ganin an yi su ne don kasuwar masu tarawa a Turai.

Matsayin ambulan

Wannan saɓani bai tsaya ga Biyafara ba. Tun a 1914 hafsoshi da 'yan kasuwa sun gane cewa kan sarkin mamaya zai yi tsada, suka riƙa saye da yawa, suna jera ƙimomi duka a kan ambulan ɗaya suna aika wa dillalai a Landan. Saboda haka masana suka raba ambulan kashi biyu: wanda aka shirya don tarawa, da wanda ya ɗauki saƙo na gaskiya. Na biyun ya fi daraja ko da ya yage ko ya yi datti, domin kuɗin da ke kansa ya dace da farashin aikawa na lokacin, hatimin garin tashi da na garuruwan da ya ratsa da na isowa suna bin juna a kwanan wata, kuma shi ne hujjar cewa kan sarkin ya yi aikin da aka ce an yi shi dominsa. Ɓamɓare kan sarki daga irin wannan ambulan ɓarna ce da ba ta gyaruwa, kuma kan sarkin da aka yanka biyu ba shi da wata ƙima in ba a jikin ambulan ba, da hatimi ya hau kansa ya taɓa takardar.

Jabu da tantancewa

Buga 'yan haruffa a kan kan sarki mai araha ya fi ƙirƙirar sabo sauƙi, shi ya sa jabu ya yi katutu a wannan reshe, musamman a na Togo da Kamaru da Mafeking. Mai tantancewa yana auna tsawon rubutun da tazarar layukansa da milimita, yana duba irin tawadar, yana kuma kwatanta lahanin kowane harafi da gurbinsa a farantin bugu, tunda harafin da ya karye a gurbi ɗaya haka zai fito a kowane shafi. Akan duba kuma ko rubutun yana ƙarƙashin hatimin gidan waya ko a samansa. Idan a sama yake, bayan an yi amfani da kan sarkin aka ƙara shi. Ƙungiyar Royal Philatelic Society ta Landan, wadda aka kafa a 1869, tana ba da takardar shaida bayan bincike, kuma manyan gidajen gwanjo ba kasafai suke sayar da mai tsada ba tare da irin wannan takarda ba. Kundayen Stanley Gibbons da Michel su ne aka fi dubawa, binciken da ya shafi yankinmu kuwa yana fitowa ne a mujallar Cameo ta ƙungiyar West Africa Study Circle.

A Legas

Legas ta fara fitar da kan sarkinta a 1874, kuma ta nan mafi yawan wasiƙun ƙasar zuwa waje suka bi a yaƙoƙin duniya biyu da yaƙin Biyafara, don haka hatiminta yana bayan ambulan da yawa. Cinikin masu tsada ya fi gudana a gwanjon Turai da intanet. Abin da ya fi yiwuwa a samu a gida shi ne wasiƙun tsofaffin sojoji a akwatunan iyalai, a unguwanni irin su Obalende da Agege da Idi-Araba. Babban abokin gabar irin wannan takarda a Legas shi ne laima: tana narkar da ƙaron bayan kan sarki ya manne da shafi, tana kuma fito da ɗige-ɗige masu launin tsatsa. Ana ajiye ambulan a tsaye cikin akwati mai rufi tare da ƙwayoyin tsotse laima, nesa da bango da hasken rana, ana ɗaukar kan sarki da hantsaki, kuma ba a sa masa salatif ko a liƙe shi cikin leda da zafi.